Gwangwani Uku da Muka Kai Kano

Tun da muka dawo daga Kano ban huta da tambaya ba. A bakin famfo, a gidan suna, har a layin injin niƙa, sai wata ta ja gefen mayafina ta ce, "Rakiya, yaya Kanon? Mi aka ce game da man namu?" Ina ba kowa guntu-guntu, labarin ya zaga gari ya dawo mini da ƙari. Wasu sun ce an kama ni a iyaka, wasu sun ce na sayar da sirrin man. Shi ya sa na zauna in faɗe shi tun daga tushe, wadda ta yi lakwal, wato boko, ta karanta wa wadda ba ta yi ba.

Maigidana, Baban Nana, zabiya ne. Duk Madarunfa Bature ake ce mishi, ya daɗe da daina jin haushi. Manomi ne, gonarsa tana kan hanyar Safo, gero da wake. Rana ba ta taɓa raga mishi ba. In ya wuni a gona, wuyansa da hannuwansa su yi jajir kamar an zuba ruwan zafi, daga baya fatar ta saɓule. A da akwai masu taimako da ke kawo man kariya a likitar Maraɗi, ana ba zabiya kyauta. Sannu a hankali man ya daina zuwa.

A nan ne Inna Mariyama ta shigo. Kirista ce ƴar Maraɗi, matar tsohon mushen lakwal ɗinmu, wato malamin makaranta, kuma ita ce shugabar ƙungiyarmu ta mata masu yin sabulu da man shafawa. Ta haɗa man kaɗanya da man riɗi, da garin zogale, da ɗan man dogon yaro. Man ya yi kyau, wannan ba mai musu. Fata ta yi laushi, tsagewar leɓe ta ragu. Iyayen zabiya suka riƙa zuwa daga Gabi da ƙauyukan Safo suna karɓa, muna ce musu maganin rana ne, domin haka muka ɗauka.

Sai wani ƙurji ya fito wa Baban Nana a saman kunnen dama. Ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, ya yi jini, ya sake yin ɓawo. Da bazara ta kama, majon likitarmu, babban ma'aikacin jinya, ya duba shi. Daga baya ya ce abu biyu. Kunnen nan a kai shi babbar likita inda ake yankar ɗan nama a gwada. Man kuma a kai shi labo, ɗakin gwaje-gwaje, kafin a ci gaba da rabawa.

"Mai sa laushin fata daban, mai tare rana daban," in ji shi. "Ido ba ya rarrabe su."

Inna Mariyama ta san wata ƴar cocinsu da ɗiyarta ke aiki a labon wata jami'a a Kano, kuma Kano ta fi mana Yamai kusa. Muka sayar da san noma ɗaya. Inna ta cika gwangwani uku da sabon mai, ta liƙe bakin kowanne da leda. Muna shirin fita Baban Nana ya jefa wani ƙaramin kwalin mai a jakata. A kasuwar Ɗan Issa yake sayensa, da hoton rana a jiki, yana shafawa a fuska da wuya saboda yana sanyaya mishi raɗaɗi. Ya ce tunda za a gwada, a gwada har da shi.

A Ɗan Issa muka tsaya canji. Wani ɗan canji ya miƙo wa Baban Nana hannu, ya riƙe ya ƙi saki, sannan ya shafe fuskarsa da tafinsa yana cewa yau kasuwa ta buɗe, zabiya sa'a ce. Abokansa suka yi dariya. Baban Nana ya goge hannunsa a riga, muka wuce. Irin wannan ba ya faruwa a gida, inda kowa ya san shi tun yana rarrafe. Da zarar mun bar gari sai ya zama abin kallo.

Duwan ɗinmu, wato ƴan kwastan na iyaka, ba su tsananta ba, katin shaida kawai suka duba. Bayan mun ƙetare ne muka shiga ƙasar shingaye. Ba a tafiya mai nisa sai ka ga itace an gitta a hanya da mutum a tsaye. A ɗaya daga cikinsu wani mai kaki ya sa aka sauke jakata, ya ciro gwangwani ɗaya.

"Mene ne wannan?"

"Man shafawa ne, ranka ya daɗe. Gwaji za mu kai shi. Don Allah kar a buɗe."

Kamar na ce ya buɗe. Ya yage ledar, ya luma yatsa har gaɓa ta biyu, ya shinshina, ya shafa a gwiwar hannunsa. Ya ce lallai yana da kyau, ya mayar mini da gwangwanin da ramin yatsa a tsakiya.

Daga Jibiya zuwa Katsina mutum huɗu ne a baya, biyu a gaba ban da direba. Baban Nana ya faɗo gefen tagar da rana ke bugawa, ba wanda ya yarda ya canza da shi, sai na lulluɓe shi da mayafina kamar amarya. Kusa da ni akwai wata mata, Asabe, da tukunya a cinya da ƙullin kaya a ƙarƙashin ƙafa. Da muka kai wani wuri direba ya kashe rediyo, hira ta mutu, kowa ya koma motsa leɓe. Gonaki ne dama da hagu, damina ta kusa, amma ba wadda aka share. Asabe ta nuna mini wata ƴar hanya da haɓa ta ce can ne ƙauyensu. Ƴan bindiga sun ɗauke mijinta a gona bara, har yau ba labari. Yanzu ba kowa a ƙauyen, tukunyar nan ita ce ta koma ɗaukowa.

Ta leƙa ƙarƙashin mayafin ta tambayi abin da ke damun Baban Nana. Na gaya mata.

"Allah ya ba shi lafiya," ta ce. "Shi rana ke korarsa daga gona, mu mutane."

A Katsina muka canza mota. Karen mota ya karɓe jakata ya cusa a baya, kusa da inda ƙarfe ke ɗaukar zafi. Allah ya sa na cire gwangwani ɗaya na riƙe a hannu. Muna isa Kano aka buɗe bayan mota, sai ga gwangwani na biyu ya narke, ya tsiyaye ta gefen murfi, ya jiƙe ƙullin shaddar wani ɗan kasuwa. Mutumin ya tayar da jijiyar wuya, ya ce mutanen Nijar ba su san darajar kaya ba. Na buɗe baki zan rama, Baban Nana ya taɓa hannuna. Ya ba shi haƙuri har sau uku, wani dattijo ya shiga tsakani, aka rabu ba daɗi. Na uku kuwa tun daga Katsina yana cinyata, naɗe da tsumma, ina sayen fiya wata ina jiƙa shi duk inda aka tsaya. Ni kaina ban sha ruwa kamar yadda gwangwanin nan ya sha ba.

Mun sauka a Kurna, gidan Alhaji Lawali, ɗan wan mahaifin Baban Nana, mai sayar da takalma. Matarsa Uwani Bakanuwa ce. A Kano kowace mace Hajiya ce, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba na wayi gari Hajiya. Ruwa saya ake a wurin ƴan garuwa, wuta ta zo ta tafi ba sallama. Hausarmu ma sai da ta jawo mini dariya. Na ce wa mai adaidaita sahu ya kai mu likita, ya ce wane likitan, ya sunansa? A can likita mutum ne kawai, gidan kuwa asibiti. Fura kuma a inji ake dama ta, da ƙanƙara da sukari, tsararo kamar ruwan wanki. Baban Nana ya kurɓa ya ajiye, ya ce mini a hankali wannan ba a yi noma da ita. Gurasa ce ta riƙe mu, ita kam na yaba.

Uwani ba ta rage mu da abinci ba, amma tana da ciki, kuma na lura ba ta yarda ta haɗa ido da Baban Nana, wai kar ta haifi zabiya. In ya fito alwala sai ta shige ɗaki. Ta ware mishi kwano da kofi nasa shi kaɗai, ana wanke su daban. Na so in yi magana, ya hana ni. Ya ce baƙo ba ya gyara gidan da ya sauka.

Ɗiyar ƙawar Inna Mariyama sunanta Rahila, doguwa mai farar riga da tabarau. Ta tarbe mu kamar ƴan'uwa. Ni da na zaci labo wani madafi ne babba mai tukwane da hayaƙi, sai na tarar da ɗaki mai sanyi kamar cikin randa, shiru, ba a ci ba a sha, har takalmi sai an sa mishi leda. Na jera mata kayan. Ta ɗaga mai ramin yatsa ta tambayi wanda ya taɓa. Da na ba ta labari sai ta ture shi gefe.

"Wannan in na gwada, yatsan mutumin zan gwada, ba man ku ba."

Wanda ya narke ma ta ƙi shi. Ta karɓi na uku da ƙaramin kwalin Baban Nana. Ta ce tambaya uku za su yi wa kowane mai: ko akwai ƙwayoyin cuta a ciki, ko akwai guba, sannan ko yana tare rana. Ta nuna mini yadda ake ta ukun. Ana shafa man siriri a kan wani faranti mai kama da gilashi, a sa cikin na'ura. Na'urar tana haska irin hasken ranar da ido ba ya gani, wanda shi ne ke ƙona fata, sannan ta auna abin da ya ratsa ya wuce. Na tambaye ta ko za a gama yau. Ta yi murmushi ta ce ƙwayoyin cuta sai an ba su lokaci sun tsiro, kamar shuka.

Kwanakin jiran a asibiti muka yi su. A layin masu ciwon fata mun tarar da zabiya da yawa, ban taɓa ganinsu haka wuri ɗaya ba. Kusa da mu akwai wani magidanci da aka naɗe rabin fuskarsa da bandeji, ƙuda na binsa, ƙanensa na kora. Ƙanen ya ce mana abin daga ɗan ƙurji ya fara a gefen hanci, suka yi shekaru suna maganin gida. Baban Nana ya dube shi sau ɗaya, ya sunkuyar da kai har aka kira mu. Likita ya yanki ɗan nama a kunnen, ya ce mu jira.

Sakamakon Rahila ne ya fara fitowa. Ni kaɗai na je. Ta zaunar da ni, ta fara da mai daɗin. Man namu tsaf yake, ba ƙwayar cuta, ba guba, ta ce a gaya wa Inna Mariyama hannunta na da tsabta. Har na fara hamdala.

"Amma Yaya Rakiya, ba ya tare rana. Hasken kusan duka ya wuce."

Na ce ko don ya sha zafi a hanya? Na ce fatar mutane fa ta yi laushi, mun gani da idonmu.

"Na sake gwadawa saboda ni ma na so ya zama kuskure," ta ce. "Kaɗanya da riɗi suna da ɗan abin da suke tarewa, amma bai kai ya tsare ko mai baƙar fata ba, balle zabiya. Zabiya man rana mai lamba hamsin yake buƙata. Ana nan ana bincike a kan tsirrai, wataƙila wata rana a dace, amma naku bai kai ba. Abin da ya fi ba ni tsoro, mutum ya shafa ya ɗauka ya tsira, sai ya ƙara daɗewa a rana."

Na tuna yadda Baban Nana ya daina dawowa gida da azahar tun da ya fara shafa shi.

Sannan ta ɗauko ƙaramin kwalin, ta riƙe shi da safar hannu. Ta ce wannan ba man rana ba ne ko kaɗan, man bilicin ne aka canza wa kwali. Akwai sinadarin da ke sirantar da fata, shi ne ke sa a ji sanyi, kuma akwai gubar da ke taruwa a jiki ta lalata ƙoda. Ta tambayi tsawon lokacin da ya yi yana shafawa. Na ce damina biyu. Ta cire tabarau ta goge.

Da na koma Kurna na faɗi abin da aka ce a tsakar gida. Uwani tana jina. Da la'asar na ga ta fito da kwalaben man bilicin ɗinta daga ɗakinta ta zuba a kwandon shara. Kwanon Baban Nana dai ba ta daina ware shi ba har muka tafi.

Na asibiti ya biyo baya. Sankarar fata ce. Likitan ya ce an zo da sauran dama, amma sai an yanke. Aka cire rabin kunnen na sama da fatar bayansa, aka ɗebo wata daga cinyarsa aka liƙa. Ranar da za a sallame mu likitan ya zauna ya yi mishi magana ƙeƙe da ƙeƙe. Abin yana iya dawowa, a nan ko a wani wuri. Duk ƙurjin da ya ƙi warkewa a zo da shi nan take. Riga mai dogon hannu, malafa mai faɗi, kuma daga hantsi zuwa la'asar kar rana ta gan shi.

"Likita, ni manomi ne," in ji Baban Nana.

"Na sani, Malam. Ba ni da wata maganar da ta fi wannan."

Ya ba mu kwalba ɗaya ta man gaske daga abin da aka kawo musu taimako. Na tambayi kuɗinsa a kantin magani don in ƙara, da na ji sai na fito.

Dawowa ba abin faɗi da yawa. Ruwan farko da muka gani bana ya sauka muna tsakanin Katsina da Jibiya, ƙamshin ƙasa ya cika motar, Baban Nana ya juya fuska wajen taga. Mun iso gida an riga an yi shuka, ƙanensa ya shuka mana tamu.

Inna Mariyama na fara gaya wa, ita kaɗai, a ɗakinta. Ta saurara har ƙarshe hannunta a kan gwiwa. Ta tambaye ni ko Rahila ta tabbata, na ce ta maimaita gwajin. Ta ce to, a tara mutane, kuma ita za ta faɗa da bakinta.

Aka taru a gindin dogon yaron ƙofar gidanta, matan ƙungiya da iyayen zabiya. Ta faɗa ba ta rage kome ba. Wasu matan suka ce mutanen Kano baƙin ciki suke yi, man da kowa ya ga amfaninsa. Wata ta ce in aka daina, da mi ƙungiya za ta tsaya? Inna ta ce za a ci gaba da yin sa a matsayin man laushin fata, amma duk wadda ta ƙara kiransa maganin rana ta bar ƙungiya. Ni kuma na ɗaga ƙaramin kwalin, na ce duk mai irinsa a gida ya jefa a masai. Mutum uku suka sunkuyar da kai.

Akwai wata mata daga Gabi da ta zo a amalanken jaki da ɗiyarta zabiya a goye, da gwangwaninta wanda ya ƙare. Ta jira har aka watse sannan ta matso.

"Inna, na ji. To yanzu mi zan shafa mata?"

Inna Mariyama ta dube ni. Na ce inuwa, da riga mai hannu, da hula. Matar ta ce gona take zuwa da ita, ba mai riƙe mata ita a gida. Na shiga gida na tsiyaya mata rabin kwalbar da likita ya ba mu, na san ba za ta kai ta kaka ba. Majo ya rubuta wa masu taimakon nan na da, har yanzu shiru.

Yanzu Baban Nana yana fita gona bayan sallar asuba, ya dawo da hantsi. Sauran wunin yana zaure, yana jin mutane na wucewa da hauyoyinsu na noma. Ni da ƙanensa muke ƙarasa abin da ya bari, san da ya rage shi kaɗai ba ya jan garma. Ba ya ƙorafi, amma ya rage cin abinci.

Makon jiya ina zuba mishi ruwan alwala na ga wani ɗan ɓawo a leɓensa na ƙasa. Na ce tun yaushe? Ya ce tsagewa ce kawai. Shekaranjiya ɓawon ya faɗi, wurin ya yi jini. Na ce mu koma, likita ya ce nan take. Ya dubi hanyar Safo, sannan ya ce ba inda za shi sai an yanke gero.

Geron kuwa, yau da nake wannan rubutu, ko kaza bai isa ɓoyewa ba.